Jiran Yana ta Nuna: Nazari kan Lokacin Aikin Yanar Ido da Dashen Madubin Roba a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba shawarar da ake yawan ba masu yanar ido cewa su dakata sai yanar ta nuna. Ta nuna cewa shawarar gadon tsohuwar tiyata ce, kuma jinkirin da take jawowa yana tura majinyata hannun masu aikin gargajiya.

Tushen matsalar

Yanar ido dusashewar madubin da ke bayan baƙin ido ce, galibi saboda shekaru, wani lokaci ciwon suga ko rauni. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa ita ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makanta tsakanin masu shekara 40 zuwa sama. Ya kuma gano cewa idanun da aka yi wa aikin gargajiya, inda ake tura madubin cikin ido da tsinke, mafi yawansu sun ci gaba da zama a makance.

A da can likita yakan ciro madubin ne ɗungurungum, ya bar majinyaci da tabarau mai kaurin gaske, don haka jira yana da hujja. Lamarin ya sauya tun da Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a asibitin St Thomas da ke Landan a 1949, bayan ya lura cewa tarkacen robar jirgi da ya shige idanun matuƙan jiragen yaƙi bai tayar da kumburi ba. A 1967 Charles Kelman ya fito da hanyar farfasa yanar da girgizar sauti. Ga wannan hanya, yanar da ta ƙeƙashe ma ta fi wahalar cirewa, wadda ta wuce nuna kuwa tana iya haddasa hawan ruwan ido.

Ma'aunin yanke shawara

A ganin wannan nazari, abin dubawa shi ne abin da yanar ta hana mutum yi. Telan da ya kasa zura zare, ko direban da fitilar dare ke ɗauke wa ido, lokacinsu ya yi, ko da suna karanta manyan haruffan allon gwaji. Sai dai wajibi ne a fara duba jijiyar ido da bayansa, domin cire yana ba ya dawo da ganin da hawan ruwa ya riga ya cinye, kuma rashin faɗin haka tun farko shi ke zubar da yarda.

Zaɓen madubin roba kuwa ya dogara ga awon tsawon ido da lanƙwasar fuskarsa. Inda aka tsallake awon, kamar yadda kan faru a wasu ayyukan gayya, sai a dasa madubi mai matsakaicin ƙarfi, majinyaci ya fita yana gani dishi-dishi. Madubi mai gani ɗaya, wanda ya fi araha, yakan daidaita nesa, karatu kuwa sai da tabarau. Kamata ya yi almajirin da burinsa karatun allo ya ji wannan kafin ya sa hannu a takardar amincewa.