Wandon Kwaɗi da Bushiyar Teku: Yadda Aka Gano Shigar Ciki

Masanan Girka na dā sun rabu biyu a kan abin da ke kafa ciki. Aristotil ya ce namiji ne ke ba da siffa, mace kuwa jini kawai take bayarwa, kamar magini da yumɓu. Jalinus ya ce a'a, kowa da nasa irin. Aka shafe sama da shekara dubu ana wannan musu, don babu idon da ke iya ganin abin da ake musun a kansa.

William Harvey, likitan Sarkin Ingila Charles na Ɗaya, ya feɗe barewar gandun sarki bayan barbara, ya duba mahaifa bai ga komai ba. Duk da haka, a littafinsa na 1651 ya kafe cewa kowace dabba daga ƙwai take fitowa.

A 1677, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke goge gilashin ƙara girma da hannunsa, ya ga wasu ƙananan halittu masu wutsiya suna iyo cikin maniyyi. Maimakon ganin ya kashe gardama, sai ya ƙara hura ta. Wasu suka ce ai jaririn na nan duƙe cikin kan ƙwayar maniyyi, mace gona ce kawai. Har Nicolaas Hartsoeker ya zana siffarsa a 1694. Wasu suka ce cikin ƙwan mace yake, maniyyi tashinsa kawai yake yi.

Wanda ya fi burge ni a labarin shi ne Lazzaro Spallanzani, wani limamin coci ɗan Italiya. Ya ɗinka wa mazan kwaɗi 'yan wanduna, ya sake su cikin matan. Suka yi barbara yadda suka saba, amma ko ƙwai ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Da ya ɗebo ruwan da ya taru cikin wandunan ya shafa wa ƙwan, sai ga talibambam. Hujja ce da ba ta bar wurin musu ba: dole ruwan ya taɓa ƙwai. Abin mamaki, shi kansa bai taɓa yarda cewa masu wutsiyar nan ne ke aikin ba. Tsutsotsi ya ɗauke su.

Ƙwan dabba mai shayarwa bai bayyana ba sai 1827, lokacin da Karl Ernst von Baer ya gan shi a jikin karya. Ba laifin na baya ba ne. Ƙwan ɗan Adam bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A 1876 Oscar Hertwig ya bayyana abin da ya gani a ƙwan bushiyar teku, wanda garau yake kamar gilashi: cibiyar ƙwayar namiji ta haɗe da ta mace, suka zama ɗaya. Daga baya aka ƙirga rabon: a mutum, kuromosom 23 daga uba, 23 daga uwa. Kuma ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da kuromosom X ko Y, wato daga wajen miji jinsin jariri yake fitowa. Dangin miji masu gorin cewa matar ɗansu 'ya'ya mata kawai take haifa, sai su sake lissafi.

A 1951, Min Chueh Chang a Amurka da Colin Austin a Ostireliya, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa maniyyi ba ya iya huda ƙwai sai ya yi sa'o'i a jikin mace ya nuna. Wannan sani ya taimaka wa Robert Edwards da Patrick Steptoe da Jean Purdy wajen haɗa biyun a ɗakin gwaji, har ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978.

To, yaya biyun ke gane juna? A 2005 masu bincike a Osaka ta Japan suka gano wani furotin a jikin ƙwayar maniyyi, suka raɗa masa suna Izumo, sunan wani wurin bauta da ake dangantawa da aure. Abokin kamunsa a jikin ƙwai sai 2014 aka same shi a Ingila, aka kira shi Juno. A gwajin ɓeraye, da zarar ƙwaya ɗaya ta shiga, cikin kimanin minti 40 ƙwan kan kakkaɓe Juno daga jikinsa, ɓawonsa ma ya sauya, sauran da suka iso su rasa inda za su kama.