Rusuna Ka Wuce: Waiwaye Kan Tantance Manya a Majalisar Dattawa

A Jamhuriya ta Farko babu maganar tantance minista. Daga cikin 'yan majalisa ake ɗauko shi, kuma a zauren yake zaune kullum ana yi masa tambayoyi. Tsarin mulkin 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a kansa, shi ne ya zo da salon Amurka: shugaban ƙasa ya kawo suna, Majalisar Dattawa ta amince ko ta ƙi. Na 1999 ya riƙe wannan a sashe na 147, har da sharaɗin cewa in majalisa ta yi gum tsawon kwanakin aiki 21, to naɗi ya tabbata.

A takarda ke nan. A aikace sanatoci suka ƙirƙiro wa kansu al'adar "rusuna ka wuce", wadda aka fara don girmama tsofaffin 'yan majalisa, daga baya ta zama rigar kowa. Ga shi kuma sunaye na zuwa ba tare da an faɗi ma'aikatar da za a ba mutum ba, sai ka ga ana yi wa likita tambaya kan lantarki. Ta wannan rariyar Kemi Adeosun ta wuce a 2015, sai a Satumban 2018 ta ajiye muƙamin ministar kuɗi bayan jaridar Premium Times ta tono batun takardar bautar ƙasarta.

Ainihin tankaɗe da rairaya a ofishin DSS ake yin sa, cikin rahoton da talaka ba ya gani. A Disamban 2016 majalisar Bukola Saraki ta rufe ƙofa, ta fito ta ce ba ta amince da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC ba saboda rahoton tsaro. Ta sake ƙin sa a Maris ɗin 2017. Abin mamaki, shugaba ɗaya, Buhari, shi ya kawo Magu, shi kuma ya naɗa Lawal Daura shugaban DSS, hukumar da ta soke shi. Magu ya ci gaba da riƙo har Yulin 2020.

Mutanen Gaya da Ajingi a Kano ta Kudu sun taɓa ganin wuƙar a hannun nasu. Sanata Kabiru Ibrahim Gaya, tsohon gwamnan Kano, wanda ya wakilci Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023, shi ne shugaban kwamitin majalisa kan hukumar zaɓe ta INEC lokacin da Buhari ya aiko da sunan hadimarsa Lauretta Onochie don ta zama kwamishiniyar zaɓe ta ƙasa. Ƙorafe-ƙorafe suka yi ta kwarara daga PDP da ƙungiyoyin farar hula cewa 'yar APC ce, alhali doka na son wanda ba ya jam'iyya. A gaban kwamiti ta ce ta bar siyasa tun 2019. Ranar 13 ga Yulin 2021 majalisa ta ƙi ta, amma da wata hujja daban: jiharta Delta na da May Agbamuche-Mbu a hukumar, ƙara ta zai saɓa wa ƙa'idar raba daidai. A ganina dabara ce irin ta tsohon ɗan siyasa, an kashe maciji ba a karya sanda ba, an kuma kare fuskar fadar shugaban ƙasa. Duk da haka an yi zaman a bainar jama'a, an karanta dalili, kowa ya ji ya auna. A Disamban 2022 majalisar nan dai ta amince da ita a shugabancin hukumar raya Neja Dalta.

Agustan 2023 sai aka koma gidan jiya. Maryam Shetty ta Kano ta isa harabar majalisa don a tantance ta a matsayin minista, a nan labari ya iske ta cewa an janye sunanta an sa Dokta Mariya Mahmoud Bunkure, wasiƙar Shugaba Tinubu kuwa ba ta faɗi dalili ba. Bayan kwana uku, ranar 7 ga wata, shugaban majalisar Godswill Akpabio ya sanar da amincewa da mutum 45 cikin 48. Nasir El-Rufai da Stella Okotete da Sani Abubakar Danladi, aka ce ana jiran rahoton tsaro a kansu. El-Rufai ya riga ya tsaya a zaure ya yi dogon bayani kan gyaran lantarki, an watsa kai tsaye a talabijin. Shafin da ya hana shi kujerar kuwa ba a karanta shi a zauren ba.