Tarihin Dakuwarmu da Yadda Muka Rabu da Sukari

Da aka ce mu 'yan rumfar dakuwa mu rubuto tarihin sana'armu saboda bikin cika shekara goma, sai da muka yi dariya. Mu da sai da furfura ta fara leƙowa muka koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci? To, amma mun zauna da tsofaffinmu, mun tambayi Buzayen da muke sarin dabino a hannunsu, ga abin da muka tattaro.

Dakuwa dai sunanta ya faɗi aikinta, abin da aka daka ne. Ba ta shiga tanda, ba a tsoma ta cikin mai. Kuma ta girme mu nesa ba kusa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, yau sama da shekara 500, kuma ayarin raƙuma sun daɗe suna ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su ratso ƙasar Agadas zuwa ƙasar Hausa, su koma da gero. Har yau Buzu in zai shiga daji, gero da dabino da cuku yake dakawa wuri guda, in ya sauka ya dama da ruwa ya sha. Fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro su ma wata da watanni suke yi a hanya, haka mahajjatan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa. Matafiyi kuwa abu uku yake nema a guzuri: kada ya lalace, kada ya nemi wuta, kuma ɗan kaɗan ya riƙe ciki. Tsofaffinmu sun ce irin wannan buƙata ce ta sa mata suka gwanance a dakuwa da nakiya da kantun riɗi. Abin zaƙinsu a lokacin zuma ne da dabino da mazarƙwaila.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, aka riƙa jera buhuna ana yin dala. Gyaɗa ta wadata a kowane gida, mata a cikin kulle suna ƙuli-ƙuli da mai da dakuwa, 'yan mata suna fita da faranti. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gonakin gyaɗa a 1975 suka karya wannan harka, amma ba su karya turmin iyayenmu ba. Abin da ya canza shi ne zaƙin. Farin sukari ya cika kasuwa, ga araha ga sauƙin aiki, sai zuma da dabino suka koma na masu hali da na watan azumi. Mu a kan dakuwar sukari muka buɗe ido.

A nan bari mu faɗi wata magana mai ɗaci. Yawancinmu tallar dakuwar nan ce ta hana mu boko. Farantin da ya yi mana kayan ɗaki shi ne ya bar mu muna dangwala yatsa a takarda. Shi ya sa doka ta farko da muka sa wa kanmu a rumfar nan ita ce 'yar kowa ba ta ɗaukar faranti lokacin makaranta. An sha rigima a kanta, har wasu biyu suka fita, amma tana nan.

Shekarunmu na farko sukari muke zubawa kamar kowa. Abu biyu suka juya mu. Goggo, wadda ta koya wa rabinmu daka, likita ya ce ciwon suga ya kama ta. Ranar da ta dawo daga asibiti ta zauna bakin turmi tana kallon abin da hannunta ya yi shekara da shekaru, ba dama ta ɗanɗana. Sai kuma 2023 ta zo, aka yi wahalar takardun kuɗi, aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin sukari ya riƙa hawa kullum. A taro Goggo ta ce, "Ku 'ya'yan nan, uwata da dabino take ɗaure tata, me zai hana?" Wasu suka ce ai masu saye sun saba da zaƙin sukari, za su gudu. Aka ɗaga hannu, masu dabino suka yi rinjaye da ƙyar.

Ba mu yi nisa ba sojoji suka karɓi mulki a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyaka. Dabinon Agadas da ayar Maraɗi suka yi wuyar samu, sai muka koma neman na Dutse. Cikin wannan tsada muka yi ɓarnar da har yau in an tuna sai rumfa ta yi tsit. Busasshen dabino yana ba da wuya a turmi, sai muka ce bari mu jiƙa shi ya yi laushi. Muka daka, muka mulmula, muka ɗaure a leda, wallahi kyau kamar me. Kafin mako ya zagayo duk ta yi fumfuna. Kuɗin adashin mutum uku ne a ciki, ɗaya kuma kuɗin makarantar ɗanta ne. Ba wanda ya cuce mu, mu muka yi wa kanmu. Sai da muka yi wata huɗu muna yankar ribarmu kafin muka biya su.

Daga ranar muka sayi littafi, kuma a nan karatun ajin yamma ya yi mana rana. Komai aka auna sai an rubuta. Aya a rege ta a fitar da tsakuwa, a shanya ta bushe ƙarau, a soya a kasko ba mai. Riɗi a wanke, a surfa saboda ɗaci, ya sha iska, a soya sama-sama, da ya fara tsalle a sauke, don in ya ƙone an yi asara. Gyaɗa a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse a zubar, malamar asibiti ta ce irinta tana taɓa hanta. Dabino a fasa kowane, a cire ƙwallo, a duba tsutsa. Busasshen a dake shi shi kaɗai ya zama gari, mai laushin shi ke ɗaure kayan. Sai citta da kanumfari da ɗan gishiri, masu son yaji a sa musu barkono. A yi ta kirɓawa har man riɗi da na gyaɗa ya fito, shi zai haɗe ta. Ruwa ko ɗigo, hannu ma sai an goge.

Masu saye ba su gudu ba. Masu turin baro da 'yan Adaidaita suna cewa biyu da ruwa suna kai su azahar, a watan azumi kuwa ba ma iya cika oda. Mun ga irinta a manyan kantuna cikin kwali mai rubutun Turanci, da kuɗin da zai sayi farantinmu guda, muka kalli juna kawai. Amma kada wata ta je tana ce wa mutane magani ce. Dabino shi ma zaƙi ne, Goggo rabin ɗaya take ci, shi ma ba kullum ba.

Maganar da ke gabanmu yanzu ta inji ce. Ƙannenmu sun ce kafaɗunsu sun gaji da taɓarya, a sayi injin niƙa daga asusun ƙungiya. Goggo ta ce na inji gari yake fitarwa, ba ya tatso mai kamar turmi. Mun shirya za a yi kwano ɗaya a inji, kwano ɗaya a turmi, a kawo taron wata mai zuwa ba tare da an faɗi wanne ne wanne ba. Kowa ta zo da bakinta, a ɗanɗana sannan a ɗaga hannu.