Tarihin Gyaran Bindiga Mai Ɗura Kanta da Awon Daidaiton Harbinta

Gabatarwa

Wannan lacca za ta dubi tarihin bindiga mai ɗura kanta, watau wadda duk taɓa kunama ɗaya take fitar da harsashi ɗaya, sa'an nan ƙarfin iskar albarushin da ya ƙone ya tofar da kwanso, ya shigar da sabon harsashi. Za a ɗauki bindigar Amurka mai suna M14 a matsayin misali, don a nuna cewa yanayin fagen fama shi ne kan yanke wa hukumomin soja irin daidaiton harbin da za su nema.

Asali

A shekarar 1936 rundunar sojan Amurka ta karɓi bindigar M1, wadda John Garand ya ƙera a ma'aikatar makamai ta Springfield. Tana cin harsashi 8, kuma da ita aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya. Daga jikinta aka fitar da M14 a 1957, mai cin harsashi 20 na milimita 7.62. Haka kuma kamfanin Beretta na Italiya ya gyara M1 ɗin ta zama BM59, wadda masana'antar makamai ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ta riƙa ƙerawa bisa izini.

To, tun kafin a haifi M14 an riga an fara haƙa mata kabari. A 1952 wani manazarci mai suna Norman Hitchman ya gabatar da rahoto, inda ya nuna cewa galibin harbin da sojan ƙasa ke yi ba ya wuce nisan yadi 300, kuma ko a wannan nisa yawancinsu kuskure suke yi. Ma'anar wannan ita ce gara bindiga marar nauyi mai yawan harsashi da mai cin dogon zango. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye. An daina ƙera M14 a 1964, M16 mai ƙaramin harsashi na milimita 5.56 ta maye gurbinta. Daɗin daɗawa, a dazuzzukan Biyetnam laima ta riƙa kumbura katakon ƙotar M14, saiti ya karkace.

Yadda Ake Awo

Kafin a ci gaba, wajibi ne a fahimci ma'aunin da ake amfani da shi. Akan kafe bindiga a kan abin da ba ya motsi, a harba harsasai da dama a wuri guda, sa'an nan a auna tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafi nisa da juna. Akan bayyana tazarar da mintin kusurwa, watau kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Minti ɗaya ya yi daidai da inci ɗaya da ɗan ɗoriya a nisan yadi 100, ko kusan santimita 3 a mita 100. Da yake kusurwa ce, tazarar tana ƙaruwa da nisa. Alal misali, bindigar da ke watsa harsashi minti 4 za ta baza shi faɗin kusan santimita 70 a mita 600, abin da ya fi faɗin ƙirjin mutum. Ke nan ko maharbi bai yi kuskure ba, bindigar tana iya sa ya rasa abin da ya auna, ko kuma harsashin ya faɗa wa wanda ba ruwansa.

Akwai kuma batun yawan harbi. Harsashi uku suna iya haɗuwa wuri ɗaya bisa sa'a kawai. Saboda haka ma'aikatun gwaji suka fi amincewa da rukunin harbi goma, a maimaita shi sau da yawa, a ɗauki matsakaici.

Gyaran Farko

Ilmin gyaran ya samo asali ne daga filin gasa. Tun 1907 ake gasar harbi ta ƙasa a Camp Perry cikin Jihar Ohio, kuma a 1956 aka kafa sashen gwanayen harbi na soja a Fort Benning. Maƙeran wannan sashe sun gano cewa babban aibin bindiga mai ɗura kanta shi ne yawan sassa masu motsi, domin muddin ƙarfe bai koma daidai inda ya taso ba bayan kowane harbi, bututu zai yi rawa ta daban. Don haka suka riƙa zaɓen bututu mafi kyau, suna zaunar da ƙarfen cikin ƙota da wani ƙulli mai daskarewa, suna kuma tace harsashi.

A 1969 aka kai wannan ilmi fagen yaƙi. Ma'aikatar Rock Island ta mayar da M14 guda 1,435 na gasa zuwa bindigar gwanaye, aka ɗora musu madubin hangen nesa, aka kira su XM21, daga baya M21. Amma zaman ƙarfen cikin ƙota yakan lalace da yawan kwancewa da ɗaurawa, gyaransa kuma sai ƙwararre. A 1988 aka koma ga M24, wadda da hannu ake ɗura mata harsashi.

Ita kuwa Tarayyar Sobiyet wata hanya ta bi. A 1963 ta karɓi bindigar Dragunov, wadda tun asali don harbin nesa aka ƙera ta, ta kuma raba ta ga ƙananan rukunonin sojan ƙasa. Ba ta nemi matuƙar daidaito ba, abin da ta nema shi ne kada a rasa mai iya kai wa mita 600 a cikin kowane rukuni.

Dawowar Tsohuwa

Yaƙin Afganistan da ya fara a 2001 ya tayar da tsohuwar muhawara. A cikin tsaunuka, abokan gaba sukan buɗe wuta daga nesa da bindigogi masu babban harsashi. A 2009 Manjo Thomas Ehrhart ya rubuta nazari, ya ce kusan rabin arangamar da ake yi a can tana aukuwa ne fiye da mita 300, watau akasin abin da Hitchman ya samu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai aka fito da M14 daga rumbun ajiya, aka cire ƙotar katako, aka sa ta cikin gangar jiki ta alminiyam wadda zafi da laima ba sa lanƙwasawa, aka kira ta EBR. Ta biya bukata, amma ta yi nauyi ƙwarai. Ita ma Birtaniya ta sayi L129A1 a 2010 saboda wannan dalili. Daga bisani Amurka ta maye gurbin M14 da M110 da kuma M110A1.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Hitchman da Ehrhart duk sun faɗi gaskiya, sai dai kowa fagen da ya gani ya auna. Kuskuren hukumomi shi ne ɗaukar awon yaƙin jiya a matsayin dokar yaƙin gobe. Za a kuma ga cewa kowane gyara yana da farashi: ko nauyi, ko tsada, ko wahalar kulawa. Sakamakon filin gwaji shaida ce a kan bindiga da harsashinta kawai. Ba ya auna iska, ko gajiya, ko tsoron wanda ke riƙe da ita, alhali kuwa waɗannan su ne sukan yanke inda harsashi zai sauka, da kuma ran wanda zai ɗauka.