Yadda Aka Fara Wasan Ƙarshe Na Jami'o'in Kudancin Amurka A 1992

Yau tarihin wani wasa na kawo muku, amma ba irin ƙwallon da muka saba kallo a gidajen kallo ba. Ƙwallon Amurka nake nufi, wadda ake runguma a yi gudu da ita ko a jefa wa ɗan uwa da hannu. A can har jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu, kuma suna cika fili fiye da manyan kulob na Turai da yawa.

Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni. Ɗaya daga ciki shi ne na kudu maso gabas, wanda ake kira SEC. Kafin 1992, wanda ya fi cin wasanni a rukunin shi ne zakara, kamar yadda ake yi a Firimiya. Sai shugaban rukunin, Roy Kramer, ya lura da wata doka ta hukumar NCAA: rukunin da ke da jami'o'i 12 yana iya rabuwa gida biyu, zakarun su kara a wasa ɗaya na ƙarshe. Da Arkansas da South Carolina suka shigo, adadin ya cika 12. Ƙarin wasa kuwa ƙarin kuɗin tikiti ne da na talabijin.

Ni da na tashi a gidan 'yan kasuwa, abin da na gani a nan kasada ce tsagwaronta. Masu horarwa da dama sun ƙi abin, suna cewa ƙungiyar da ta yi shekara ba a doke ta ba za ta iya asarar kofin ƙasa a rana ɗaya. Tun shekarar farko kuwa aka zo wurin. Alabama ta Gene Stallings ta ci wasanninta 11 duka, tana ta biyu a ƙasa. Florida ta Steve Spurrier an doke ta sau 3. A tsohon tsari Alabama ta riga ta gama aikinta.

Ranar 5 ga Disamba, 1992 aka haɗu a filin Legion Field da ke Birmingham, gaban mutane sama da 80,000. Alabama ta yi gaba da 21 da 7, Florida ta farke aka koma 21 da 21. Saura minti uku da 'yan daƙiƙai, ƙwallo na hannun Florida, majefinsu Shane Matthews ya jefa wa ɗan uwansa. Sai ɗan bayan Alabama, Antonio Langham, ya tare ta a hanya, ya ruga da ita har cikin gidan Florida. Aka tashi 28 da 21. Ranar 1 ga Janairu, 1993 Alabama ta lallasa Miami 34 da 13, ta zama zakaran ƙasa.

A ganina, da Florida ce ta ci a ranar, da Kramer ya sha zagi, da wasu sun ji tsoron kwaikwayonsa. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Da aka ga hajar ta karɓu, rukunin Big 12 ya saro ta a 1996, ACC a 2005, Big Ten da Pac-12 a 2011. Wasan SEC kansa ya koma Atlanta tun 1994.

Sai dai tsoron masu horarwa bai faɗi ƙasa banza ba. A 1996 Texas ta kayar da Nebraska, a 1998 Texas A&M ta kayar da Kansas State, a 2001 LSU ta kayar da Tennessee, dukkansu suna bakin ƙofar wasan kofin ƙasa. Rukuni ya ƙirga riba, yaran da suka yi gumi suka koma gida hannu rabbana. A 2024, da aka faɗaɗa gasar kofin ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12, haɗarin faɗuwa a wannan rana ya ƙara raguwa ga babbar ƙungiya.

Allah Ya ba mu sa'a a kasuwancinmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.