Daga ƙarfen murɗawa zuwa sikana: tarihin abin da ke tayar da a-kori-kura

Idan a-kori-kura ta zamani ta ƙi tashi, abin da aka saba gani yanzu shi ne a ɗauko sikana, a jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta fito da wata lamba, sai a ce “kwamfuta ta ce sensa ce”, ko ma “ƙwaƙwalwar motar ce ta mutu”. Wani lokaci a sayo, a ɗaura, mota ta tashi. Wani lokacin kuma kuɗi su tafi, motar tana nan inda take. Dalilin wannan caca yana cikin tarihin motar kanta. Abin da ke juya injin ya haura shekara ɗari, kwamfutar da ke kula da shi kuwa ta zo daga baya ne da nisa, kuma tun asali ba don ta taimaki bakanike aka ƙirƙiro ta ba.

Injin fetur ba ya tashi da kansa daga tsaye. Sai an juya shi ya zuƙi iska da mai, ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsi. A farkon ƙarni na 20 da ƙarfin damtse ake wannan aiki: a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban mota a murɗa, kamar dai yadda ake tayar da tsohon injin niƙa. Hatsarin shi ne idan tartsatsin ya zo da wuri, kafin fistin ya kai ƙololuwa, sai injin ya juya baya da ƙarfi, ƙarfen ya make mai murɗawa. Abin ya yi yawa har likitocin ƙashi suka raɗa wa wata karayar wuyan hannu suna “karayar direba”, kuma sunan yana nan a littattafansu har gobe.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na wani mai ƙera motoci a Amurka, Byron Carter, wanda aka ce ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan gada a birnin Detroit, ƙarfen ya karya masa muƙamuƙi, ya rasu a 1908. An ce wannan ne ya sa Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ƙudurta sai an raba mota da ƙarfen nan. Wanda ya warware matsalar shi ne injiniya Charles Kettering. Injiniyoyi da yawa na lokacin suna ganin cewa inji mai aiki da lantarki da zai iya juya injin mota sai ya yi girman da ba zai shiga motar ba. Kettering ya taɓa aiki a kamfanin da ke ƙera akwatin lissafin kuɗi na kanti, inda ya haɗa wa akwatin ɗan ƙaramin inji na lantarki, don haka ya san wani abu: ƙaramin inji zai iya ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa matuƙar na 'yan daƙiƙoƙi ne. Cadillac ta 1912 ta fito da kik na lantarki. Bayan shekara biyu aka fara amfani da dabarar Vincent Bendix, wato ƙaramar giya da ke zabura ta kama haƙoran babban faifan injin, da ya tashi kuma ta saki. Ford ta sa kik a Model T a 1919, kuma lokacin da ta fito da a-kori-kurarta ta farko da aka haɗa tun daga masana'anta a 1925, tsarin ya riga ya zauna.

Abin da aka ƙara daga baya gyare-gyare ne. A tsakiyar shekarun 1950 motocin Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai 12, a 1960 kuma Chrysler ta fara sa altaneta a motocin da ake ƙerawa da yawa. Amma batir ɗin dalma da ruwan asid shi ne dai wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ga kauri-kaurin waya biyu, ga kik.

Dabarar Kettering ta zo da farashinta, kuma har yau ana biya. Kik yana jan wuta mai yawan gaske, amfiya 150 zuwa 200 a injin fetur, na dizal ma ya fi haka. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce kan batir ya yi wannan farin garin, ko wayar da ke mayar da wuta ta jikin mota, wadda 'yan rewaya ke kira at, ta yi tsatsa, har wurin ya sami turjiya ta om 0.01 kacal. Fitilar gaba da ke jan kamar amfiya 5 za ta yi asarar bolt 0.05, ba wanda zai lura. Kik mai jan amfiya 200 kuwa zai yi asarar bolt 2 cur a wannan ɗan wuri. Shi ya sa za ka ga fitilu na haske tar, hon na kuka, rediyo na magana, amma an murɗa makulli sai “ƙas” kawai. Shi ya sa kuma auna wayar a lokacin da mota ke kashe ba ya nuna komai. Sai an ɗora mita a gefe biyu na wayar a daidai lokacin da ake murɗa makulli, a ga nawa ke ɓacewa a hanya. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a huce, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba yayin da kik ke juyi.

Wanda ya san zamanin Peugeot 404 da 504 a hanyoyin kasuwannin ƙauye ya san cewa a da nan maganar take ƙarewa. Kafireta ce, ba ruwanta da lantarki. In batir ya yi sanyi sai yaran mota su sauka a tura, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, shi kenan.

To ina kwamfuta ta shigo? Ta hanyar hayaƙi. Tun a shekarun 1940 birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya yake fama da wani hazo mai sa idanu hawaye, aka yi ta zargin masana'antu. Wanda ya gano bakin zaren wani masanin sinadarai ne ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, wanda kafin nan bincikensa a kan sinadaran tsirrai ne, har da abin da ke ba abarba ƙanshinta. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa ragowar fetur da bai ƙone ba da wasu iskokin da ke fita daga salansa su ne ke haɗuwa a cikin hasken rana su zama hazon. Kalifoniya ta kafa hukumar kula da tsabtar iska a 1967, gwamnatin tarayyar Amurka kuma ta tsaurara dokarta a 1970. Daga motocin 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a salansa, wannan da ake yi wa laƙabi da indomi a garejojinmu. Wani abin ban mamaki, dalmar da ake zuba wa fetur, wadda ke kashe matatar, a ɗakin binciken da Kettering ke shugabanta aka gano amfaninta a 1921. Mutumin da ya ceci hannayen direbobi yana da hannu a wannan ma.

Ingantacciyar matatar da ta biyo baya tana da tsirfa. Ba ta aiki sosai sai injin yana ƙona kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Kafireta ba ta iya riƙe wannan ma'auni a kowane yanayi, safe da rana, hawa da gangara. Kamfanin Bosch na Jamus, wanda tun 1967 ya fito da tsarin fesa mai da lantarki ke sarrafawa, ya samar da sensar da ke shinshinar iskar oksijin a salansa a 1976, Volvo ta fara amfani da ita. Yanzu ana buƙatar wani abu da zai saurari sensar ya gyara yawan mai sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin kwamfutar injin kenan. General Motors ta baza ta a motocinta na fasinja a 1981. A-kori-kura ta ɗan makara.

Nan take wata sabuwar matsala ta ɓullo. Bakanike yana iya ganin mai a kafireta, yana iya jin ƙarar bawul, amma ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin akwatin da aka like. Sai kamfanoni suka koya wa kwamfutar ƙyafta ido. A motocin General Motors, ka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ka haɗa ramuka biyu a wani soket, fitilar gaban direba ta ƙyafta sau ɗaya, ta dakata, ta ƙyafta sau biyu: lamba 12 kenan, alamar tana shirin magana, sannan lambobin laifi su biyo. A Toyota ramukan TE1 da E1 ake haɗawa a wani ɗan akwati da ke ƙarƙashin bonet, kuma tsofaffin 'yan rewaya da suka yi aiki a kan Hilux ta wancan zamani sun san wannan. A Chrysler makulli ake kunnawa a kashe har sau uku. Kowane kamfani da yarensa, da soket ɗinsa, da ma'anar lambobinsa.

Hukumar Kalifoniya ce dai ta sake tsoma baki. Damuwarta ita ce mota na iya fita daga masana'anta da tsabta, bayan shekara uku sensa ta mutu ta koma zuba hayaƙi ba wanda ya sani. Ta fara tilasta wa motoci sa ido a kan kansu a ƙarshen shekarun 1980, sannan aka fito da tsari na biyu, OBD-II, wanda ya zama dole a kan duk ƙananan motoci da a-kori-kura marasa nauyi da ake sayarwa a Amurka daga 1996. Soket ɗaya mai ramuka 16 kusa da direba, lambobi iri ɗaya ga kowa. Harafin P na injin da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. Turai ta bi sahu, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Wannan ne ya sa sikana mai araha ke hira da Tacoma ko Tundra da aka shigo da ita daga Amurka ba gardama, amma wani lokaci ta yi shiru a gaban tsohuwar Hilux da aka ƙera don kasuwar da dokar ba ta shafa ba.

A nan ne ake yawan yi wa lambobin mummunar fahimta. Kwamfuta ba ta da ido, wayoyi kawai take da su, kuma abin da ta gani a bakin waya shi take faɗa. Ɗauki P0335. Akwai wani faifai mai haƙora a jikin karanshaf da aka cire masa haƙori ɗaya ko biyu, sensa tana ƙirga haƙoran, giɓin kuma yana gaya wa kwamfuta inda fistin yake. In ba wannan saƙo, ba mai, ba tartsatsi, kik zai yi ta juyi a banza. Lambar tana cewa ne saƙon bai iso daidai ba. Ko sensar ce ta mutu, ko ɓera ya ci wayar, ko soket ya sha ruwa, ko faifan ya sami rauni, duk lamba ɗaya za ka gani. Haka P0420, wadda ke fitowa a motocin da aka fafe wa indomi: kwamfutar gaskiya ta faɗa, sauya sensa ba zai rufe mata baki ba. A ganina babu jimlar da ta ci kuɗin masu mota kamar “kwamfuta ta ce”.

A shekarun 1990 makulli ma ya canza matsayi. Saboda satar motoci aka fara dasa masa ɗan ƙwayar lantarki da kwamfuta za ta tantance kafin ta yarda, Jamus da Birtaniya suka mayar da hakan dole a 1998. A a-kori-kura da yawa na yau, murɗa makulli roƙo ne kawai. Kwamfuta za ta duba makullin nata ne, giya tana P ko N ko an taka kuloci, sannan ita ta ba rile umarnin kunna kik. Kwamfutocin kuma sun yawaita, ta injin daban, ta giya daban, ta birki daban, suna hira ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin CAN da Bosch ta gabatar a 1986, wanda ya zama dole a soket ɗin motocin Amurka daga 2008.

Dukkansu kuwa daga batir ɗin Planté suke sha, ta wayoyin zamanin Kettering. Idan kik ya ja amfiya 200 ta cikin tsatsa, wutar da ta rage na iya faɗuwa ƙasa da abin da kwamfutar injin ke buƙata, ta ɗauke na ɗan lokaci kamar wayar hannu da cajinta ya ƙare. Sauran kwamfutocin su ji ta yi shiru, kowace ta rubuta U0100, wato “na daina jin kwamfutar injin”. Mai sikana ya ga lambobi goma reras, ya yanke hukunci ƙwaƙwalwa ta ƙone, alhali tana iya kasancewa lafiyarta ƙalau. Gogaggen ɗan rewaya kafin ya taɓa ta zai auna batir a lokacin juyi, ya bi wayoyin at, ya duba fis da rilen da ke ba ta wuta. Soket ɗin kansa wurin awo ne: rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, na 4 da na 5 at ne. In kuma aka cire kan batir aka auna tsakanin rami na 6 da na 14, a yawancin motoci ana sa ran ganin om 60, domin akwai turjiya biyu masu om 120 a ƙarshen layin biyu. In mita ta nuna 120, ɗaya ta ɓace ko waya ta yanke a hanya. In ta nuna kusan sifiri, wayoyin biyu sun goge sun haɗe a wani wuri, sai a fara bin su daga inda suka ratsa jikin ƙarfe.