Daga Bakin Sankira Zuwa Akwatin Rediyo

A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu muna so mu bi tarihin wani baƙo da ya sauka a garuruwanmu shekara fiye da 60 ke nan, ya zauna har ya zama ɗan gari. Baƙon nan shi ne rediyo. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Kafin zuwansa, labari da ƙafa yake tafiya. Fatake ne ke kawo shi daga Kano da Gwanja, da Buzaye masu ayarin gishiri daga Bilma, da alhazai waɗanda suka yi shekaru a hanyar Makka. Ran kasuwa ake sauke shi, kowa ya ɗebi nasa ya kai gida. In umurnin sarki ne, ɗan aike ya kawo wa maigari, sankira ya zaga gari yana shela. Zamanin Nasara ma haka zancen lanho da aikin tilas ke isowa. Abin lura shi ne, kowane labari yana da mai shi. An san fuskarsa, an san ubansa. In ya yi ƙarya, kasuwa mai zuwa zai sha kunya.

A shekarar 1957 gidan BBC na London ya fara magana da Hausa. A 1958 aka buɗe Rediyo Nijar a Yamai, shekara biyu kafin samun mulkin kai. A 1962 Rediyo Kaduna ya fara aiki, na Jamus kuma ya buɗe sashen Hausa a 1963. Amma abin da ya kai muryoyin nan ƙauye shi ne ƙaramin akwati mai aiki da pil, wanda ba ya bukatar lantarki. Su wa suka kawo shi? Ƴan ci-rani. Saurayi ya dawo gab da damina da turmin atamfa da rediyo rataye a kafaɗa, da dare gari ya taru a ƙofar gidansu.

Abu na farko da akwatin nan ya canza shi ne nisa. Da aka kashe Sardaunan Sakkwato ran 15 ga Janairu 1966, labarin bai jira fatake ba. Haka kuma ran 15 ga Afirilu 1974, ta rediyo jama'a suka ji cewa soja sun kau da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau. Mutumin Gobir ko Adar ko Damagaram, wanda a da iyakar saninsa ƙasar sarkinsa, ya riƙa jin sunan Gaya da Agadas da Diffa kullum safiya, har ya saba da cewa shi ɗan Nijar ne.

Ya taɓa harshe da nishaɗi kuma. Hausar Kaduna ta shiga bakin samari. Shirin Zaɓi Sonka ya koya wa mutane aika gaisuwa a takarda don a ji sunansu a iska. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da namu Ɗan Gurmu sun kai inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Masu wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo suka riƙa taɓo auren dole da cin hanci cikin raha, mutane na dariya suna gane kansu.

Canjin da ya fi girma shi ne na wanda ke da maganar ƙarshe. A da, in gardama ta yi tsawo a dandali, wurin dattijo ko malam ake kai ta. Da rediyo ya zauna, sai aka sami sabuwar hujja, wato a ce rediyo ya faɗa. Yaro mai akwati ya riga maigari jin labari. Matan da ke cikin gida suka ji zancen awon ciki da rigakafi da sa ƴaƴa mata lakwal ba tare da ya biyo ta zaure ba. An sami alheri mai yawa a nan, ba mu musu. Sai dai labari ya zama ba shi da fuska, kuma mai saurare ba shi da bakin mayar da magana.

Hukuma ta lura da wannan. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar. Masu jagorancinta a ƙauyuka, da yawansu malaman lakwal ne, sukan tara manoma a saurari shiri a kan noman gujiya ko lafiya ko tattalin hatsi, a tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai, a aika Yamai a sa a iska. Ta nan talaka ya fara jin muryar ɗan uwansa talaka cikin akwati. A 1964 aka gwada karantar da yara ta talabijin, a 1967 aka kafa ORTN, daga baya kuma Tele Sahel ta zo.

Duk da haka, gidan rediyon ƙasa guda ne, kuma na gwamnati ne, ko zamanin jam'iyya ɗaya ko zamanin soja. Abin da mai mulki ke so shi ake ji. A nan ne iyayenmu suka nuna basira, ko da yake yawancinsu ba su shiga lakwal ba. Sukan ji Muryar Sahel, su murɗa su ji Kaduna, su murɗa su ji London da Jamus, sa'an nan su zauna su auna. Sun gane cewa kowane gida yana da mai ciyar da shi, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. Inda gidajen suka haɗu su riƙe, inda suka saɓa su jira.

Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, sai aka yi Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Aka riƙa sa muhawarar a rediyo, manomi a gonarsa ya ji ana tuhumar manya a bainar jama'a. Tun daga nan tsoron faɗin ra'ayi ya ragu. A tsakiyar shekarun 1990 gidaje masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, daga 1999 kuma rediyon karkara suka fara yaɗuwa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasarmu daga 2001, yau ga WhatsApp a aljihun kowa. Kamar yadda ƴan ci-rani suka kawo rediyo, haka yanzu ta hannunsu yawancin saƙonnin murya ke isa gida. Ga inda haɗarin yake. Tsohuwa ta karɓi saƙo daga ɗanta, ta gaskata don fuskar ɗanta ta gani, alhali shi ma turo masa aka yi, bai san wanda ya fara faɗa ba. Gidan rediyo ko ba komi yana da suna da mazauni. Wannan murya kuwa ba ta da ko ɗaya. Da irinta ake sa uwa ta ɓoye ɗanta ran rigakafi, da irinta ake zuga manomi a kan makiyayin da suka yi shekaru suna shan rijiya ɗaya.

Don haka muna roƙon ƴan uwa da ke waje, kafin ku tura magana gida ku tambayi mai ita, ku nemi ta a wani wuri dabam, kamar yadda iyayenmu ke murɗa akwati. In ba ku same ta ba, ku bar ta ta kwana a wayarku. Dattawa kuma muna roƙon ku zauna da samari ku nuna musu yadda kuka riƙa auna labari a zamaninku. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya, amin.